Ga ambaliya, ga ƙishirwa: shin sauyin yanayi ne ya hana Damagaram ruwa?

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga nan ne ya dace in kawo ta, tunda a cikinku akwai masu ilimi, akwai kuma waɗanda suka ga jiya suka ga yau.

Kusan kullum idan na kunna rediyo sai na ji labarin fari a wata ƙasa, kuma duk mai sharhin da aka gayyato sai ya ɗora laifin a kan sauyin yanayi. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Maroko, inda a watan Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi mutanensa su haƙura da layya a wannan shekarar, saboda farin da suka yi shekaru suna fama da shi ya rage dabbobin ƙasar har rago ya gagari talaka.

To mu ma a nan Zinder ba sai an ba mu labarin ƙishirwa ba. Da bazara, ƙarfe uku na dare nake tashi in buɗe pampo in kara kunnena, wani lokaci ba abin da ke fitowa sai iska mai huci, in jera bidona in koma in kwanta ido biyu. Amma kuma a farkon watan Satumban 2024 duk mun ga yadda ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19, kuma a daminar nan ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a faɗin Nijar. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Idan fari ne sauyin yanayi yake kawowa, ina wannan ruwa mai rushe gini ya fito? Idan kuma ruwa ya ƙaru ne, me ya sa pampon gidanmu bai sani ba? Mahaifina ma cewa yake yi rashin ruwan Damagaram ya girmi kakana, don haka a bar yanayi ya huta.

Malamin Labarin Ƙasa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta yi kyau, kuma abin da ya rikita ka shi ne ɗaukar fari da ambaliya a matsayin kishiyoyi, alhali uwa ɗaya ce ta haife su, wato zafi.

Hayaƙin da ke fita daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas yana taruwa a sararin samaniya yana riƙe zafin rana, har ta kai hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda zafin duniya ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri ɗaya da rabi. Ita iska idan ta ɗumama ƙishirwa take ji. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba ta ikon ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin ɗari, kuma wannan tururin daga teku da tafki da gona da ganyen itace take zuƙo shi. Ka duba wankin da aka shanya a watan Afrilu da wanda aka shanya a watan Agusta, wanne ya fi saurin bushewa? Haka ƙasar noma take. Ko da ruwan sama bai ragu da ɗigo ɗaya ba, gona tana iya bushewa da wuri fiye da yadda ta saba, domin abin da iska ke kwashewa ya ƙaru. Sannan ranar da wannan iska ta tashi sauke kayanta, ba ta saukewa a hankali, juyewa take yi gaba ɗaya.

A nan yankin Sahel an auna wannan abu. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa manyan hadaran da ke zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku tun daga 1982. Zinder tana samun kimanin milimita 400 a shekara, amma wannan adadi shi kaɗai ba ya gaya maka komai, domin milimita 400 da ta sauka a cikin ruwa talatin masu laushi daban take da wadda rabinta ya sauka cikin dare uku. Ta farko tana shiga ƙasa ta ciyar da hatsi da rijiya, ta biyu kuwa tana bin kwararo ta ci gindin katanga, ta taru a tafki, rana ta shanye ta kafin sanyi ya wuce.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Somaliya da Habasha da Kenya sun yi damina biyar a jere ba ruwan kirki daga 2020 zuwa farkon 2023, dabbobi miliyoyi suka mutu, sai kuma a ƙarshen 2023 ambaliya ta biyo baya a ƙasashen nan guda. A Burazil, kogin da ya bi ta gefen birnin Manawus a tsakiyar dajin Amazon ya janye a watan Oktoban 2023 fiye da yadda aka taɓa gani cikin shekara ɗari da ƴan kai, kuma da shekara ta zagayo ya sake janyewa fiye da haka. A mashigin Panama sai da aka rage yawan jiragen ruwan da ke wucewa kowace rana, saboda tafkin da ke ciyar da mashigin ya yi ƙasa. A Zambiya kuwa farin 2024 ya rage ruwan madatsar Kariba, mutane suka wayi gari babu masara babu wutar lantarki. Dole in yi adalci a nan, domin ba duka ba ne laifin sauyin yanayi shi kaɗai. Akwai wani ɗumin tekun Fasifik da ake kira El Ninyo, wanda ya saba zuwa yana komawa tun fil azal, kuma yana da hannu babba a farin kudancin Afirka da na Panama. Ko maganar Maroko da ka kawo, mahaifin wannan sarki, Hassan na Biyu, ya taɓa yin irin wannan kira har sau uku, na ƙarshe a 1996. Fari ba baƙo ba ne a duniya. Abin da zafi ya yi shi ne ƙara masa ƙarfi da naci, da rage hutun da ke tsakanin wannan da na gaba.

Dattijon Birni ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira, amma ni ina bayan mahaifinka, ɗana, kuma zan faɗi dalili.

Garin nan a kan dutse yake zaune. Ba sai an kai ka makaranta ba, ka zagaya Birni ka ga duwatsun da gidaje suka jingina da su, to irinsu ne a ƙarƙashin ƙafarmu, kuma dutse irin wannan ba ya ajiye ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsagarsa. Shi ya sa mutum zai kashe dukiyarsa ya kira masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a cikin gari, su yi ta nuƙurƙusar dutse kwana da kwanaki, su tattara kayansu su tafi ba a ga ko laima ba. Zinder ce babban birnin wannan ƙasa a farkon mulkin Faransa, kuma da suka mayar da mazauninsu Yamai a 1926, rashin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar, ko da yake akwai na siyasa, domin ba su ji daɗin kusancinmu da Kano ba. A lokacin nan wa ya san wani abu wai shi ɗumamar yanayi? Ruwan da muke sha ma ba na garin ba ne, jawo shi ake yi ta bututu daga Gogo da Macaya, daga baya aka ƙara da Arunguza da Ganaram a arewa.

Fari kuwa mun gan shi da idonmu. Kakanninmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta wajen 1913 zuwa 1914. Na ga na 1973 ina saurayi, na ga na 1984 ina da iyali, lokacin da Fulani da Buzaye suka gangaro daga wajen Tanut da ragowar shanunsu, saniyar da a da sai mai hali yake taya ta, ana ba da ita a kan ƴan tiyoyin hatsi, kuma mai saye yana ja da baya domin bai san abin da zai ba ta ta ci ba. Ban manta wani dattijo da ya zauna a ƙofar gidanmu da igiyar shanu a hannunsa, igiya kawai, ya ƙi yarda ya yar da ita.

Abin da nake tsoro shi ne kada wannan kalma ta sauyin yanayi ta zama bargon da masu alhaki za su riƙa lulluɓa da shi. Lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan huɗu ba, ƙidayar 2012 ta ba da sama da miliyan 17, yau kuma mun haura miliyan 25. Unguwannin da nake zuwa farautar zomo ina yaro yanzu duk gidaje ne. Idan baki ya ninka sau shida amma tulu bai ƙaru yadda ya kamata ba, ba sai an duba sama ba kafin a san dalilin ƙishirwa. Na sha ganin bututu ya fashe a bakin hanya yana ta zuba har kwana biyu, yara suna wanka a ciki, a unguwar da ke gaba kuwa mata suna layi. Wannan ba hayaƙin Turawa ba ne ya fasa shi.

Uwar Bakwai ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. Ni abin da zan ƙara ɗan lissafi ne na cikin gida, tunda idan ruwa ya yanke mu mata ne muke fara sani.

Na karanta cewa a 2018, da fari ya kusa ƙafar da madatsun birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, duniya ta ɗauka, ana ta lissafin ranar da za a rufe pampon birnin baki ɗaya. Da na gani sai na ajiye wayar na yi lissafin gidana. Mu tara ne, kuma ranar da aka yi sa'a ɗan garuwa ya kawo mana bido takwas masu lita 25, wato lita 200, kowa ya tashi da lita 22 da ɗan ɗoriya. A ciki za a sha, a yi tuwo, a yi alwala sau biyar, a wanke kwanoni, a yi wa yara wanka, a ba awaki biyu. Abin da ya zama tashin hankali a can, mu nan ranar wadata ce, kuma babu wanda ya zo da na'urar ɗaukar hoto.

Ruwa guda sai ya yi aiki uku kafin a zubar da shi. Wanda aka wanke shinkafa da shi a ba dabbobi, na ɗaurayar tufafi a wanke tsakar gida, na alwala a tara a kwano a zuba wa zogale. Idan zafi ya tsananta kuɗin bido yana ninkawa, kuma ba na ganin laifin ɗan garuwa, domin shi ma tun asuba yake layi, ya turo kura daga wata unguwa a cikin wannan rana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƴan mata, waɗanda ake tasa su neman ruwa da duhun asuba, su isa makaranta an riga an shiga aji, su yi ta gyangyaɗi. Idan kuma uwa ta rasa yadda za ta yi ta ɗebo na tafki, bayan kwana biyu sai ka gan ta a likita da yaro yana gudawa.

Amma Baba, akwai inda zan ɗan saɓa maka, ka yi mini afuwa. Zafin yanzu ba irin na da ba ne. Randar da mahaifiyata take cikawa da safe ta kai mu dare, yanzu kafin la'asar ta yi ƙasa, saboda yara sha suke yi ba ƙaƙƙautawa, dare ma ba ya sanyi balle jiki ya huta. A watan Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma mu ma nan a makonnin nan mun ɗanɗana kuɗarmu, ga shi ana azumi. Ko dutse ne ya hana mu ruwa, zafi ne ya ƙara mana buƙatarsa.

Manomin Matamaye ya amsa:

Ni daga ƙauye nake rubutu, kuma farin da muke gani yanzu ba irin wanda Baba ya ba da labari ba ne, wato a wayi gari shekara ta wuce babu ruwa. Na yanzu munafuki ne. Ruwan shuka zai sauka da kyau, kowa ya fita da sungumi, hatsi ya tsiro ya yi kore shar, sai sama ta ɗauke kwana goma sha biyar ko ashirin, iska mai yashi ta bi ta kansa, dole a sake shuka, wani har sau uku, irin da aka ɓoye ya ƙare. Ko kuma ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. A ƙarshen shekara masu awo su ce ruwan bana ya kai yadda aka saba, manomi kuwa rumbunsa bai san da haka ba.

Sai dai akwai abin da ya yi mana amfani, kuma ba daga waje aka kawo shi a jirgi ba. Bayan farin 1984 mutanen Maradi da na nan jahar Damagaram suka koma barin itatuwan da ke tsirowa da kansu a gona, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran, abin da muke kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Duk wanda ya bi hanyar Mirya ko Magarya ko tamu ta Matamaye ya ga gawo a gonaki kamar an jera. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su ci ƴaƴansa su bar kashi a gindinsa. Na gwada da hannuna bayan ruwa ya ɗauke kwana goma: a gindin gawo na tona taƙi ɗaya na tarar da laima, a fili kuwa har gwiwar hannu busasshen yashi ne. Haka nan a kan fako, inda ruwa ke gudu kamar a kan siminti, idan aka haƙa ramukan rabin wata sai ruwan ya tsaya ya nutse, ciyawa ta dawo a inda aka fid da rai.

Malamin Labarin Ƙasa ya sake amsawa:

Baba, ban ƙi maganarka ba, kuma akwai abin da ke ƙarfafa ta. Masana da dama suna ganin farin shekarun 1970 da 1980 yana da alaƙa da sauyin ɗumin tekuna, da kuma wani nau'in hayaƙin masana'antun Turai da Amurka wanda ya sanyaya arewacin tekun Atalantika ya tura hadarin damina kudu. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya yi asarar kusan kashi 90 cikin ɗari a wancan lokaci, kuma daga baya wani ɓangare nasa ya dawo, abin da masu jawabi a taruka ba su cika faɗa ba. Tun shekarun 1990 damina ta ɗan farfaɗo a Sahel. Saboda haka duk wanda ya ce maka ruwan samanmu raguwa kawai yake yi shekara bayan shekara, bai duba lissafin ba.

Inda nake roƙon ka duba shi ne nan: ruwan Gogo da Macaya ba mai zurfi ba ne, damina ce take ciyar da shi, don haka yadda ruwan sama ke sauka da yadda rana ke zuƙe shi suna da hannu a cikin abin da ke isowa pampon Ɗan Garin Malam. Garin da yake da kogi yana iya jure shekara biyu marasa kyau, wanda yake kan dutse kuwa ba shi da wannan rarar. Dutse da yawan jama'a da sakaci su ne suka tsaga bangon, zafi kuma shi ne ƙadangaren da ya samu wurin shiga. Game da masu alhaki kuwa, suna nan gida suna kuma waje. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. A taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 an amince a kafa asusun biyan asarar da ƙasashe irin namu ke yi, amma abin da aka yi alkawarin zubawa bai kai ko kusa da buƙata ba, sannan taron yaƙi da hamada da aka yi a Riyad a watan Disambar 2024 ya watse ba tare da an cimma yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa a kan fari ba. Wannan bai hana a gyara bututun da ya fashe a bakin hanya ba, kuma ba na son a ji kamar na ce ya hana.

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, Malam, Hajiya da yayana na Matamaye. Na karanta wa mahaifina amsoshin nan jiya bayan isha'i, ya ce Baba ne ya yi gaskiya, amma ya yi shiru da aka zo maganar randa.

Maganar milimita 400 ta sa na ɗauki alƙalami. Rufin kwanon gidanmu ya kai murabba'in mita 60, kuma idan ban yi kuskure ba, kowace milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato lita 24,000 ke zuba daga indararonmu zuwa kwararo a kowace damina, kusan bido 960. Na san ba duka za a iya kamawa ba, kuma ruwan farko da ke wanke ƙurar rufi dole a bar shi ya tafi. Abin da nake son sani shi ne, a cikinku akwai wanda ya taɓa gina wa ruwan rufi matara ta siminti a nan Zinder? Idan akwai, ya gaya mini girman da ya yi mata, yadda ya rufe ta don kada sauro ya samu wurin ƙwai, da kuma ko ruwan ya kai shi watan Maris bai canza ɗanɗano ba.